Ranar da Abundio Ya Ƙaro Jaki na Biyu

Akwai wani mutum a ƙauyenmu na Las Tinajas, a gindin duwatsun Coahuila, sunansa Abundio Barraza. Shekara goma sha ɗaya ya yi a tsallaken iyaka yana aikin gini a Texas. Ya dawo da jar a-kori-kura, da malafa mai tsada, da wata magana da ba ta barin bakinsa. Duk abin da ka faɗa masa sai ya ce, "A can ba haka ake yi ba."

Matarsa Nicanora masaƙiya ce. Tana da tumaki goma sha huɗu da ta gada daga mahaifiyarta, masu dogon gashi launin kofi da madara, gashin da ba ya neman rini. Da shi take saƙa bargunan da ake zuwa saye tun daga birni. A duk kwarin nan babu mai irin tumakin sai ita.

Da sanyin wata shekara ragon garken ya mutu, ya bar tumakin da ciki. Da suka haihu, maza biyu kacal aka samu. Nicanora ta san lissafin ba sai an gaya mata ba: in 'yan ragunan nan biyu suka tafi, irin tumakin mahaifiyarta ya ƙare.

Lokacin haihuwar tumaki kuwa shi ne lokacin da koyote, karen dajin ƙasarmu, ke da 'ya'ya a rami. Girmansa bai wuce na karen gida ba, amma ya fi dila wayo, kuma wayar shinge ba ta tare shi. In bai bi ta sama ba, zai tona ta ƙasa.

Mai gadin garken Nicanora wata tsohuwar jaka ce, macen jaki ruwan toka, ana ce mata Canela. Tun da aka yaye ta aka sa ta cikin tumaki, ba ta san wasu dangi ba sai su. Kunnenta ɗaya a karye yake, cikinta ya yi rataya, in ta yi kuka sai ka ce ƙofar ƙarfe ce ta yi tsatsa. Amma shekara tara koyote bai ɗauki ko jela daga garken nan ba.

Wata Asabar maza suna zaune a ƙofar kantin Don Melesio, sai ga Abundio ya faka motarsa.

"Kompadre, abokina," in ji Don Melesio, "mota daga Amurka, malafa daga Amurka. Mai gadin fa? Ita ma daga can ka zo da ita?"

"Daga gidan tarihi ya are ta," in ji wani.

Aka yi dariya. Abundio ya yi tasa ta dole, ya sayi tabarsa, ya shiga mota ya tafi. Washegari da hantsi sai ga shi a ƙofar gidana.

Masu bin shafin nan sun sani, ni Otilia, jakuna mijina ya bar mini, da su na reni yara biyar. Ba na rage kuɗi don an yi mini murmushi.

Ya zagaya turken, ya nuna wata baƙar jaka mai sheƙi, 'yar shekara huɗu, Reina. Ya taya, na ce albarka. Ya ƙara, na juya na ci gaba da ba kaji masara. Sai da ya kai inda nake so, sannan na tambaye shi.

"Don Abundio, kaya za ta ɗauka ko amalanke za ta ja?"

"Gadi za ta yi. Zan haɗa ta da tsohuwar can."

Na ajiye kwanon masarar. "A shinge ɗaya?"

"To a ina?"

"Kada ka yi. Jaka ɗaya ake sa wa tumaki. Ita kaɗai ce, shi ya sa take ganin su ne nata. Ka kai mata 'yar'uwa, ta samu abokiyar hira, tumaki sun zama na Allah."

Ya tura malafarsa baya, ya dube ni kamar ya ga yarinya ta yi wauta. "Doña Otilia, ɗaya da ɗaya biyu ne. Ko ba a kai nan ba a makarantar da kika yi?"

"Aji biyu na yi, kuma an kai nan. Jakunan ne ba su je ba."

"A can ba haka ake yi ba. Wuri mai daraja masu gadi biyu ake sa masa."

"To na faɗa maka, a gaban kajina. Kawo kuɗin."

Da ya isa gida Nicanora ta fito tana goge hannu, ta ga abin da ke bayan motar.

"Tsoho, wannan fa?"

"Mataimakiya na kawo wa sarauniyarki."

"Inna ba ta taɓa sa biyu ba."

"Innarki ba ta taɓa fita daga kwarin nan ba, tsohuwa."

Ya buɗe shinge ya tura Reina ciki. Canela ta ɗago kai daga tsakiyar tumaki, ta miƙar da kunnenta mai lafiya. Ta tako a hankali, ta shinshina baƙuwar, ta ɗora haɓa a bayanta.

"Kin gani?" in ji Abundio. "Har sun shirya."

Sun shirya kuwa. Kafin kwana uku, duk inda Reina ta sa ƙafa nan Canela take sa tata. Reina ba ta san tumaki ba, ba ta damu da su ba. Ita dai inuwar itatuwan bakin rafi take so, can ƙarshen makiyaya. Can suke wuni su biyu, suna sosa wa juna wuya.

Rana ta huɗu aka rasa 'yar tunkiya mace. Abundio ya ce ƙaddara ce. Ya ɗauki bindiga ya yi zaman awa biyu a kan dutse, bai ga komai ba, ya dawo ya ce ya kore su.

"Raba su, tsoho," in ji Nicanora.

"Don mutanen kanti su ce me?"

"To su ne za su haifa mini rago?"

Ya ce a kulle tumakin a gida. Ta tambaye shi me za su ci, tunda rabon da a ga ruwan sama wata biyar, ciyawar da ta rage tana makiyaya, kuma tunkiyar da ba ta ci ba ba ta da nono. Sai ya fita duba motarsa.

Rana ta bakwai da la'asar suna dawowa daga kasuwa, suka tsaya a kan tudun da ke kallon makiyaya. Daga nan suka ga komai. Koyote ya fito daga cikin ƙaya, ba gudu yake ba, tafiya yake kamar mai zuwa gidan surukai. Tumaki suka watse. Ya zaɓi babban cikin 'yan ragunan biyu, ya kama maƙogwaronsa, ya koma ta inda ya fito. Can bakin rafi Canela na tsaye da haɓa a bayan Reina, ko waiwayowa ba ta yi ba.

Abundio ya danna hon, ya yi ihu, ya gangara a guje. Jini kawai ya tarar a kan ƙasa, da uwar tana zagaye wurin tana kira.

Nicanora ba ta yi kuka ba, ba ta yi masa faɗa ba. Ta tsaya kusa da shi ta ce, "Saura ɗaya."

Da safe ya yi niyyar dawo mini da Reina a ɓoye, kafin gari ya cika. Reina ta ce ba ta san zancen ba. Ya ja, ya tura, ya nuna mata masara, ta ƙi hawa motar. Dole ya kama igiya ya jawo ta da ƙafa. Ranar Lahadi ce, hanyar gidana kuma ta gaban coci da kantin Don Melesio ta bi. Ya iso daidai an tashi daga addu'a.

"Kompadre, ina motar?" in ji Don Melesio. "Ko wannan ce sabuwar da ake yayi a can?"

Ya ja igiyar ya wuce su. Ya iso ƙofata jiƙe da gumi, ya cire malafa ya riƙe a ƙirji.

"Doña, na dawo da ita."

"Na gani. Ɗaure ta can."

Ya ɗaure, ya ci gaba da tsayuwa yana murza bakin malafar.

"In kuɗi kake jira, babu," na ce. "Na sayar maka da jaka, na ba ka shawara kyauta, ka ƙi. Yanzu ka dawo da jakar ka riƙe shawarar. Farashin ɗaya ne."

Ya gyaɗa kai. "Na yarda. Ki gaya mini abin da zan yi. Tunda na fitar da wannan, tsohuwar tana jikin waya tana kuka. Ko kallon tumakin ba ta yi."

A nan na zuba masa kofi, don wannan ne karo na farko da na taɓa jin ya nemi shawara da bakinsa.

"Shekara tara ba ta san tana kewa ba, kai ka koya mata. Kada ka buge ta, kada ka ɗaure ta a cikin garke, kada ka janyo ta. Da kanta za ta koma, in za ta koma. Kafin nan sai wani ya tsaya a madadinta, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta."

"Wa?"

"Wanda ya ɓata."

Haka Abundio Barraza, mai jar mota, ya kama aikin jaki. Kullum da asuba ya buɗe wa tumaki, ya bi su da bindiga da gorar ruwa, da tortiya, wato gurasar masara, da wake a ƙulle cikin tsumma. Rana ta ƙona shi har malafar ta koɗe. Masu wucewa a kan dawakai sukan tsaya jikin waya.

"Ashe dai jakuna biyun ne har yanzu," su ce. "Amma wannan mai malafar ya fi ladabi."

Da farko yakan zage su. Daga baya sai ya ɗaga musu hannu kawai.

Mako guda Canela na jikin waya tana kallon hanyar da Reina ta bi. A mako na biyu ta daina kuka, ta fara kiwo, amma nesa da garke. Sau biyu Abundio ya ɗauki igiya zai janyo ta, ya tuna maganata, ya mayar. Ɗan ragon da ya rage kuwa, ƙanƙane ne mai rawar kai, kullum shi ne a gefen garke.

Rana ta goma sha tara, da hantsi, Abundio ya hango koyote a kan tudu, a fili, yana zaune yana kallonsa. Ya ce yau dai. Ya saɓa bindiga ya nufe shi. Koyoten ya ja baya kaɗan ya sake zama. Ya bi, ya sake ja. Sai da ya yi nisa sosai ya ji tumaki sun ruɗe a bayansa.

Ya juya. Ashe koyoten biyu ne, na biyun ya ɓullo ta rafi, ya riga ya shiga garke, kunnen ɗan ragon na bakinsa yana ja. Harbi ba zai yiwu ba, tumaki sun kewaye su. Gudu ba zai kai ba. Abundio ya tsaya da bindiga a hannu, ba ta da amfanin da ya wuce sanda.

Sai ya ji kukan nan na ƙofa mai tsatsa.

Canela ta taho daga jikin waya, kai a ƙasa, haƙora a waje, cikin nan nata yana lilo. Tumaki suka dare mata. Koyoten ya saki ɗan ragon zai juya, ta cafke shi a gadon baya, ta ɗaga ta maka da ƙasa, ta bi da ƙafafun gaba. Da ƙyar ya zame, ya tsere da ƙafa uku. Ta raka shi har waya, ta dawo, ta shinshina ɗan ragon, ta tsaya a kansa tana huci.

Abundio ya iso yana haki. Ya miƙa hannu zai ɗauki ɗan ragon, Canela ta kwantar da kunne ta nuna masa haƙori. Ya ja da baya, ya cire malafa.

"Kin yi gaskiya, Doña," ya ce wa jakar. "Naki ne."

Sai da Nicanora ta zo sannan ta bari aka taɓa shi. Kunnen ya yage, aka wanke da ruwan gishiri, ya warke a lanƙwashe. Yau shi ne ragon garken, 'ya'yansa sun haura talatin, duk launin kofi da madara. Bargon da nake rufa da shi daga gashinsu ne. Nicanora ta saƙa, Abundio ya kawo mini da hannunsa. Na duba saƙar ciki da waje kafin na karɓa.

Bara wani saurayi da ya dawo daga tsallaken iyaka ya zauna a kantin Don Melesio yana cewa zai sayi jakuna uku ya zuba wa awakinsa. Abundio ya ajiye kofinsa.

"Ɗaya za ka saya. Mace. Ka je wajen Doña Otilia, kada ka ɓata bakinka neman ragi."

"Amma a can..."

"Na san can," in ji Abundio. "A nan haka ake yi."

Darasi: Abin da ya daɗe yana yi maka aiki, kada ka taɓa shi don kunyar masu dariya, domin ranar asara ba za ka ga ko ɗayansu ba. In wanda ya tsufa a kan sana'a ya ce kada ka yi, tambaye shi dalili kafin ka tambaye shi ajin da ya kai. In kuma ka riga ka ɓata, ka cire malafa, ka tsaya a rana ka gyara da kanka. Ku tura wa duk mai kiwo da kuka sani, musamman wanda ya fi kowa sani a gidanku.