Farcen Yari Mahauci

Akwai wani mahauci a kasuwar Zuru, ana ce masa Yari. Shekara ashirin yana riƙe da wuƙa, don haka a ganinsa babu mai gaya masa komai game da hannunsa.

Wata shekara tusar jaki, ƙananan tsiron nan masu kaushi a fata, ta feso masa a yatsu. Bai damu ba, mahauta da yawa suna da ita. Ya riƙa yanke ta da reza yana ɗiga ruwan batir. Wasu suka bushe, amma ta gefen farcen babban yatsansa ta ƙi. Ta shige ƙarƙashin farcen, ta ɗaga shi, tana tsattsafo da jini.

Mama Alice tsohuwar nas ce da ta yi ritaya, duk Asabar takan zo daga Rikoto sayen nama. Ranar nan yana miƙa mata ƙunshi sai ta riƙe hannunsa.

"Yari, tun yaushe wannan?"

"Ya kusa shekara biyu, Mama. Tusar jaki ce kawai."

"Na san tusar jaki. Ƙwayar cutar HPV ke kawo ta, ta inda fata ta tsage take shiga. Yawanci ba ta da illa. Amma wadda ta daɗe haka a ƙarƙashin farce tana jini, wani lokaci ciwon daji ne. Ka tafi asibiti."

Yari ya zare hannunsa, ya yi dariya yadda sauran mahauta za su ji. "Mama, nama kika zo saye ko duba marasa lafiya?"

Ba ta yi fushi ba. Da Asabar ta zagayo ta sake faɗa masa, ya share ta. A ta uku sai ta zauna a bencinsa, ta ce ba inda za ta sai ya wanke hannu ya bi ta. Kunya ce ta kai shi asibiti.

Likita ya yanki ɗan abin aka aika Sakkwato gwaji. Ya ce idan daji ne, mai yiwuwa a cire gaɓar yatsan. Mako uku Yari ko abinci ba ya iya ci sosai. Mahauci ba babban yatsa, da me zai riƙe wuƙa ya ciyar da 'ya'ya shida?

Da sakamako ya iso, likita ya ce, "Malam Yari, ba daji ba ne. Za mu ƙone ta, farcen zai sake tsirowa. Amma reza da ruwan batir, ka rabu da su."

Yari ya fito ya zauna a baranda yana ta hamdala. Daga nan bai zame ko'ina ba sai Rikoto, gidan Mama Alice.

"Mama, na yi miki rashin kunya a gaban jama'a. Ki yafe mini."

Ta ce, "Ya wuce, ɗana. Yanzu sauran abokan sana'arka, kai za ka gaya musu."

Darasi: Kada girman kai ya sa ka raina mai son ka da lafiya. Duk tsiron da ya daɗe a fata ko farce, likita ya kamata ya gani. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani yana ɓoye irin nasa.