Gizo Ya Shuka Farar Shinkafa

"Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikokina!"

"Ta zo mu ji ta, Kaka, mun baza kunne!"

Ana dab da faɗuwar damina, sai ga Shamuwa ta dawo daga tafiyarta mai nisa da ƙunshi a baki. Ta sauka ƙofar gidan Gizo, ta dafa masa abin da ke ciki. Fari fat kamar auduga!

Gizo ya kai loma, ya daka tsalle. Kun san shi da tsamin baki. "Yanki ya daɗe, mene ne wannan?"

"Shinkafar hayin teku ce. Ba surfe, ba tsintar tsakuwa."

"Wayyo ni! Ashe ƙasa nake ci tun da aka haife ni!"

Ya ruga rumbu ya kwaso gero, Shamuwa ta ba shi kwano guda. Ya koma ya kwaso dawa, ta ƙara masa. Ya sake komawa ya share wake tas.

Matarsa Ƙoƙi ta ce a hankali, "Maigida, ka dai bar na iri."

"Iyi? Ga iyi nan fayi tas! Bana shinkafa zan shuka, kowa sai ya zo kallo."

Ƙoƙi ta ci gaba da hura wutarta.

Ruwa ya sauka. Gari ya fita da sungumi, Gizo ma ya fita yana rawa, yana jefa farar shinkafa a rami yana takewa da diddige.

Gonakin maƙwabta suka yi tsiro. Gizo ya leƙa tasa, ba komai. Ya dawo ya leƙa, sai ciyawa. Ya kuma dawowa ya tona, sai ga shinkafa ta ruɓe.

Kurciya na kan reshe ta ƙyalƙyale da dariya. "Gizo, hatsin da aka tuɓe wa riga aka goge, ai tun a can ya mutu!"

Gizo ya sheƙa wurin Shamuwa. "Ba ni geyona!"

"Tuni na aika da shi hayin teku. Shinkafa ta ƙare, ni kuma ina kwancin ƙwai. Ba inda za ni sai kaka."

Ba abinci, ba iri, ga damina tana wucewa. Gizo ya faɗo madafa yana birgima yana ihu. Da ya yi rigingine, me zai gani a soke jikin jinka, daidai saman murhu? Zangarniyar gero da ta dawa, sun yi baƙi ƙirin!

"Ƙoƙi! Ƙoƙi! Mene ne wancan?"

"Tun kakar bara na zaɓi manya na soke a nan, hayaƙi ya tsare su daga ƙwari. Haka innata take yi."

Kafin laima ta bushe sun shuke gonar. Suka yi ta maneji da rama da zogalen bayan gida har gero ya nuna.

Ranar da aka tuƙa sabon tuwo da miyar kuka, Gizo ya suɗe hannu ya ce wa maƙwabta, "Ai ni na ce ta ɓoye iyi!"

Ƙoƙi ta ƙara masa miya kawai.

To, yara, kada kyan abin nesa ya sa ku raina na gonarku. Na nesa, ran da mai kawowa ya zauna, kun zauna da yunwa. Naku kuwa ku ci, ku ajiye iri, baɗi ya sake fitowa.

Ƙungurus kan ɗan kusu! Wa ya ce ɗazu ba ya cin tuwon dawa?