Sukarin Kurege a Bakin Teku

An yi wani Kurege da maƙwabciyarsa Bushiya, suna zaune a gefen wata fadamar albasa, kusa da wani rafi mai cika da damina, ya ƙafe ƙaf da rani. Shi Kurege ba ya tambaya, a ganinsa tambaya abin kunya ce. Ita kuwa Bushiya tsoro ya yi mata yawa. Ko ganye ya faɗo sai ta dunƙule, in ta warware ta ce, "Mene ne wannan kuma?"

Wata rana cikin rani aka zo lodin albasa za a kai Ikko, babban birnin nan na bakin teku. Kurege ya ce zai bi motar ya ga gari. 'Ya'yansa uku suka kewaye shi suna tambayar tsaraba.

"Sukari zan kawo muku," in ji shi. "An ce can jiragen ruwa ke sauke shi buhu-buhu."

Autarsa ba ta taɓa ɗanɗana sukari ba. Ta ce, "Baba, yaya yake?"

"Kamar yashi yake, sai dai zaƙi gare shi."

"Ka yi alkawari?"

"Na yi."

Bushiya ta daɗe tana jinjina tafiyar. Daga baya ta ƙulla 'yar aya a tsumma don ta yi musaya, ta yi wa nata yaran gargaɗi har suka gaji, ta bi shi. Suka ɓuya a tsakanin buhuna.

Ni dai ban taɓa zuwa Ikko ba, amma waɗanda suka je sun ce baƙo kansa juyawa yake yi. Haka ya faru da su. Da gari ya waye suka sauka kusa da tashar jiragen ruwa, suka ji direba yana cewa da yamma zai juya da lodin shinkafa. Suka ga gada shimfiɗe a kan ruwa, ba a ganin ƙarshenta. Suka ga jirage, kowanne ya fi unguwa guda girma, ga wasu dogayen ƙarafa suna ɗaga akwatunan ƙarfe kamar ana ɗaukar faifai.

Bushiya ta tsayar da wata Tattabara. "Baiwar Allah, don Allah ina hanyar kasuwa?"

Kurege ya harare ta. "Maƙwabciya, kina tona mana asiri. Yanzu kowa ya san daga ƙauye muke."

"To daga ina muke?"

"Ki dai riƙa tafiya kamar kin san gari."

Da ƙishi ya kama su, Kurege ya nufi bakin teku ya kafa baki. Fuskarsa ta yamutse, idanunsa suka kawo ruwa.

"Yaya dai?" in ji Bushiya.

"Lafiya lau. Haka suke shan nasu a nan, da gishiri."

Bushiya ba ta sha ba. Sai da ta tambayi wani Ɓera, ya nuna mata inda famfo ke ɗiga. Kurege ya biyo ta a baya, wai shi ƙafa zai wanke.

A ƙarƙashin rumfunan mutane dabbobi ke cin tasu kasuwar. Nan suka ci gasasshiyar agada da soyayyar doya mai yaji. Bushiya ta ba da ayarta, aka ba ta ɓarin kwakwa biyu, ta riƙe su gam. Kurege kuwa ya yi sa'a. Wani buhun sukari ya fashe a wurin sauke kaya, ya samo tsumma ya yi ta tarawa, har ƙunshin ya fi shi girma.

"Ka rage," in ji Bushiya. "Yaya za ka yi yawo da wannan?"

"Na san dabarata."

Ya ja ƙunshin da ƙyar zuwa bakin teku. A lokacin ruwa ya janye can nesa, ya bar wani fili na yashi mai laima, sumul kamar an share. A bakin filin akwai duwatsu, a saman ɗaya wata tsohuwar Ƙaguwa ta baza busasshen jatan lande tana sayarwa.

Kurege ya shiga tsakiyar filin ya fara tona rami. Haka yake yi a gida. In rafi ya ƙafe, cikin yashinsa yake binne gyaɗarsa, ta kwana wata da watanni ba abin da ya taɓa ta.

Bushiya ta hau dutsen a hankali, ta gaida Ƙaguwa. "Iya, ki yi haƙuri da ni, baƙuwa ce. Me ya sa kika hawo nan sama da kayanki, ga fili a ƙasa ba kowa?"

"Filin na ruwa ne," in ji Ƙaguwa. "Aro ya ba mu. Zai dawo kafin la'asar."

"Yau ɗin nan?"

"Yau. Gobe ma haka."

Bushiya ta kusa dunƙulewa. Ta gangaro da sauri. "Maƙwabci, tone kayanka. Iya ta ce ruwan nan dawowa yake yi."

Kurege ya yi dariya har wutsiyarsa na rawa. "Dubi sama. Kin ga hadari? Cikin rani muke. Ruwan da ya tafi sai damina, wannan ko Autata ta sani."

"Amma ita 'yar gari ce."

"Wadda ko tafiya ba ta iya yi miƙe ba? Ita za ta koya mini ruwa? A bakin rafi aka haife ni."

Ƙaguwa ta ji, ta ci gaba da gyara kayanta.

Kurege ya rufe ramin, ya dasa kara a kai don shaida, ya ce zai koma ya ƙara cin agada, ya kuma ga jirgin da ke shirin tashi. Bushiya ta bi shi, amma hankalinta na baya. Ta yi ta cewa su koma, yana cewa saura kaɗan.

Da rana ta karkata suka dawo. Babu fili. Ruwa ne har gindin duwatsu, yana zuwa yana komawa. Can tsakiya kan karan kawai ake hange.

Kurege ya tsaya cak. "Ai ba a yi ruwan sama ba," ya ce a hankali. Sai ya tuna da Auta, ya faɗa ruwan.

Kurege ba ya iyo. Igiyar ruwa ta ɗauke shi ta juya shi, Bushiya na ihu daga kan dutse. Ƙaguwa ta bar kayanta ta gangara da tafiyar nan tata ta gefe, ta damƙe wutsiyarsa ta jawo shi waje. Ta sake nutsawa, ta tono ƙunshin ta ajiye a gabansa.

Ƙullin yana nan yadda ya ɗaure shi. Ya kwance shi. Tsumma ne kawai, jiƙe sharkaf. Ya lasa, sai gishiri.

Ya ruga wurin da buhun ya fashe, ya tarar an share tas. Ga motar kuma an gama lodi, direba ya tayar da inji. Dole suka shiga.

Suka yi nisa a hanya. Can Kurege ya ce, "Maƙwabciya, me zan ce wa Auta?"

Wannan ne karo na farko da Bushiya ta taɓa jin tambayar neman shawara daga bakinsa. Ba ta yi masa gori ba. Ta miƙa masa ɓarin kwakwa ɗaya. "Ka faɗa mata yadda aka yi."

Da suka isa gida yaran suka tarye shi da gudu. Ya raba musu kwakwar. Auta ta gatsa, ta tauna, ta ɗago kai.

"Baba, shi ne yashin mai zaƙi?"

"A'a, Auta. Naki yana cikin teku. An gaya mini, ban ji ba."

Darasin wannan labari shi ne, yarana, abin da kuka sani a gida gaskiya ne, amma na gida ne. Kowane gari da halin ruwansa. Na san wata rana za ku yi tafiya inda idona ba zai kai ba, kuma abin da nake tsoro ba rashin saninku ba ne, kunyar tambaya ce. In kun sauka baƙon wuri, ku gaida wanda kuka tarar, ku tambaye shi, ko da tafiyarsa ta ba ku dariya. A ce muku baƙauye na yini ɗaya ya fi ku dawo gida da jiƙaƙƙen tsumma.