Mudun Warin Ladingo

An yi wani dagaci da ƙanensa ya kafa majema jikin gidan Ladingo mai ƙosai. Wari ya kore mata masu saye, ta kai ƙara.

Dagaci ya ce, "Ba na hukunci da ka. Auno mini warin a mudu in gani."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ai ba a awo a bayan idon mai shi. Sai dai a gabanka."

Ya zo ya zauna, tana kamfatar iska da mudu a hankali. Can ya toshe hanci da rawani, ya miƙe.

Ladingo ta ce, "Haba, ranka ya daɗe! Ko rabin mudu ban tara ba. Mu buhu-buhu muke shaƙa kullum."

Washegari majema ta koma bayan gari.