Tukwanen Gwaggo Sai-Na-Dawo

Akwai wata mata da danginta suke kira Gwaggo Sai-Na-Dawo, saboda kalmar ba ta barin bakinta. Ko shago za ta leƙa, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "To, sai na dawo."

Matar nan ta ga duniya, jama'a. Tun da ƙuruciya ta samu aikin girki a jirgin ruwa mai dakon kaya. Ta je inda ƙanƙara ke toshe ƙofa, ta je inda rana ke ƙin faɗuwa, ta taɓa ɗaure tukunya da igiya don kada igiyar ruwa ta kifar da abincin ma'aikata. Ba ta haihu ba. Duk abin da take da shi a duniya ƙaninta ne, wani makanike, da 'yarsa da ake kira Auta.

Shekarun baya makaniken ya samu shanyewar ɓarin jiki. Likita ya ce sai ya riƙa takawa yana motsa hannun, in ba haka ba ƙafar za ta sandare. Shi kuwa ya juya fuska bango, ya ce a bar shi ya huta.

Da Gwaggo ta dawo, sai ga ta da wata 'yar shuka a tukunya. Ta dire ta a ƙarshen baranda.

"Ƙanina, daga bayan teku na ɗauko ta. In na dawo na tarar ta mutu, ni da kai ne."

"Yaya, ki dubi halin da nake ciki."

"Na duba. Kai za ka riƙa ba ta ruwa. Ga kofi nan."

Haka ta riƙa yi. Duk dawowa da sabuwar tukunya, kuma kowacce sai ta ajiye ta gaba da ta baya: ƙarshen baranda, ƙasan matattakala, jikin igiyar shanya, har bakin get. Labarin tafiyarta kuwa ba ta taɓa ba shi a ɗaki ba. In yana son ji, sai ya jawo ƙafa ya same ta gindin tukunyar.

Abin yana ƙona wa Auta rai. Ta taɓa sayo tiyon ban ruwa don sauƙaƙa wa babanta, Gwaggo ta naɗe shi ta ba maƙwabta kyauta. Auta ta ce a ranta, wannan ai mugunta ce, ke kina yawon duniya kin bar wa mara lafiya wahala.

Kwatsam sai Gwaggo ta rasu, bayan 'yar gajeriyar jinya a gida, jakarta a shirye a bayan ƙofa.

Da aka watse daga gaisuwa, Auta ta tattaro tukwanen nan kaf ta jera su a ƙarƙashin tagar babanta. Ta ce, "Baba, ka huta. Ni zan riƙa ba su ruwa kafin in tafi aiki, kai dai ka riƙa kallonsu." Wallahi da zuciya ɗaya ta yi.

Baban ya koma shimfiɗarsa. Ya kwanta. Mako ya bi mako, har banɗaki ya koma sai an riƙe shi. Likita ya duba ƙafar ya gaya wa Auta gaskiya: in aka ci gaba a haka, ya gama tafiya ke nan. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka, ko gezau.

Ana cikin haka sai ɗaya daga shukokin ta fara yaushi. Auta ta ɗauke ta zuwa wurin mai sayar da furanni a ƙarshen layinsu, ta ce a taimaka mata, 'yar ƙasar waje ce.

Mutumin ya juya tukunyar ya yi murmushi. "Wace ƙasar waje? Ai a nan gwaggonki ta saya, Allah ya jiƙanta. Da jakar tafiyarta take biyowa, kafin ma ta shiga gida."

Auta ta dawo ranta a ɓace. "Baba, ashe duk ƙarya Gwaggo ta yi maka! A ƙarshen layin nan take sayensu."

Sai ga baban yana dariya, karo na farko tun rasuwar, har da hawaye.

"Auta, ni fa makanike ne, ba wawa ba. Tun tukunya ta biyu na gane. Wane bayan teku ne ƙasarsa iri ɗaya da ta layinmu?"

"To me ya sa ka yi shiru?"

"Ita ta san na sani. Amma in ban tashi ba, da wane ido zan kalle ta in ta dawo?" Ya share fuska. "Yanzu kuwa ba mai dawowa, kuma kin kawo min su har taga."

Kunya da kewar gwaggonta suka rufe Auta lokaci guda.

Washegari ta mayar da kowace tukunya mazauninta. Da ta taso daga aiki ta shigo da sabuwa, ta nuna masa ta taga, sannan ta fita da ita ta ajiye a wajen get.

"Wannan kuma daga ina?" in ji baban.

"Daga nesa, Baba. Sai da na hau mota biyu. In kana son labarin, ina can. Ga kofi nan."

Ta fita ta tsaya gindin sabuwar tukunyar. Can sai ta ji ƙarar sanda a kan siminti. Ya fito yana jan ƙafa, rabin ruwan ya zube a rigarsa. Da ya kai bakin ƙofa ya waiwaya ya dubi ɗakin da ba kowa, ya ce, "To, sai na dawo."

Darasi: Ba duk mai sauke maka kaya ne ya taimake ka ba, kuma ba duk mai ɗora maka ne ya ƙi ka ba. Wani masoyin wahalar da za ta tashe ka tsaye yake kawo maka. In kana da irin Gwaggo a danginku, ka gode mata tun tana jin ka. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu jinyar iyaye.