Goɗiyar Karatun Aizirek

Toktosun makiyayi ne a wani ƙauye kusa da garin At-Bashi, a wata ƙasa mai sanyi inda ake cin naman doki, mutum mai ƙwazo, amma Allah ya jarrabce shi da son a yabe shi. Babban abin alfaharinsa shi ne bai taɓa cin bashi ba. Ko gaishe shi ka yi, sai ya san yadda ya cusa maka wannan magana.

'Yarsa Aizirek ba ta da buri sai karatun jinya a kwalejin da ke Naryn. Tun da wuri uwarta Burul ta ce kada ranar biya ta same su hannu rabbana, don haka suka ware goɗiya ɗaya. Burul ta riƙa sayar da nono da cukwi a bakin titi tana saya wa goɗiyar sha'ir, har ta yi ƙiba gwanin sha'awa. Shirinsu shi ne da kaka a kai ta kasuwa, kuɗin ya ɗauki karatun, babu zuwa banki, babu roƙon kowa.

Aizirek ta ci jarrabawa, aka ba ta gurbi. Ana cikin murna sai sadakar cikar shekarar rasuwar mahaifin Toktosun ta ƙarato.

"Baban Aizirek, tumaki sun isa," in ji Burul. "Liman ma ya ce addu'a mamaci yake bukata, ba nama ba."

Ya amince. Amma washegari a bakin kanti ya haɗu da ƙaninsa Asanbek cikin jama'a.

"Yaya, wai tumaki za ka yanka wa tsohon namu? Ni da ba kowa ba doki na kayar ranar arba'in. Ko in ranta maka ne?"

Aka kwashe da dariya. Toktosun ya koma gida zuciyarsa na tafarfasa. Ranar sadaka da safe Burul ta gan shi yana jan goɗiyar.

"Wallahi in ka sa mata wuƙa, 'yarka ka yanka!"

"Ke rufa min baki! Uban wa ya mutu, naki ko nawa?"

Aizirek ta riƙe igiyar tana kuka. "Baba, karatuna fa?"

"Allah zai kawo," ya ce, ya fizge.

Aka yanka goɗiyar, aka yi sadaka ta gani ta faɗa. Baƙi suka ci taliya da nama har suka kwance ɗamara, suka ƙulle ragowar a leda, dattawa suna ta cewa ɗa ya fita kunyar ubansa. Toktosun ya ji kansa ya kumbura. Da la'asar kowa ya watse, aka bar Burul da tulin wanke-wanke.

Da lokacin biya ya zo ya kora tumakinsa kasuwa, ya tarar kowa sayarwa yake kafin sanyi, farashi ya faɗi warwas. Abin da ya samu bai kai ko'ina ba. Burul ta roƙe shi ya je wurin Asanbek neman rance, ya ce gara ya mutu. Kwalejin ta ba wata yarinya gurbin.

Aizirek ta haɗa kayanta ta tafi Bishkek, babban birnin ƙasar, ta shiga wani ɗakin ɗinki a ƙarƙashin bene, inda take duƙe a kan keke daga safe har magariba. Kafin ƙanƙara ta sauka, ƙauyen ya koma zancen wani da ya yanka dawaki biyu. Nadama ta kama Toktosun, ta hana shi sakat.

Wata rana Aizirek ta bugo wa uwarta waya, yana zaune a gefe.

"Ga babanki nan, yana so ku gaisa."

Ya miƙa hannu zai karɓi wayar.

"Mama, ana kiranmu aiki," in ji Aizirek, ta kashe.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, guje wa bashi abu ne mai kyau, amma ba ya wadatarwa idan mutum bai iya riƙe abin da ya tara ba. Duk abin da iyaye suka ware don karatun ɗansu amana ce, ba nasu ba ne kuma. Masu yabo za su ci su goge baki su manta, amma yaron da aka katse wa karatu ba ya mantawa.