Randar Inna a Jikin Bango

Ku gyara zama, ga wata nan tafe. Wanda ya zo neman dariya ya tashi tun yanzu.

A wani gari an yi wata mata mai suna Tasalla. Ranar da mahaifiyarta ta rasu, maza suka aiko cikin gida neman tukwanen da za a fasa a rufe bakin kabari kafin a tura ƙasa, kamar yadda aka saba. Tasalla ta tuttular da ruwan randar tsohuwar, ta miƙa musu. Randa ce da Inna ta gina da hannunta, ta zagaye wuyanta da zanen ƙafar kaza, irin wanda ba mai yi duk garin. Mata ba sa raka gawa, don haka Tasalla ba ta taɓa ganin makwancin uwarta ba. Abin da ta sani kawai, randar nan tana can tana kare Inna daga ƙasa. Yayanta Shekarau ne ya shiga ramin ya jera ta da kansa.

Shekaru suka shuɗe. Wata damina ɗakin 'ya'yan Shekarau ya rushe, da ƙarshen rani Shekarau ya ta da sabo. Tasalla ta je ganin gini, tana shafa bango tana yaba jar ƙasar, sai yatsanta ya ci karo da wani tsingaro. Ta ƙwaƙulo shi. Zanen ƙafar kaza ne. A gurbinsa kuma wani farin abu ya leƙo, wanda ba dutse ba.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Ke, rage murya, yara na ji."

"Yaya, Inna ce a bangonka?"

Ya juya mata baya. Washegari ta kai ƙara, aka gurfanar da mutum uku gaban alƙali.

Na farko Nomau, mai gadin maƙabarta. Gabashin maƙabartar jar ƙasa ce mai danƙo, wadda magina ke ruguguwar nema. Nomau ya san wanda ke kwance a kowane taku na wurin, kuma shi ya ɗaga shingen ƙaya ya nuna inda za a haƙa. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ko ƙotar diga ban taɓa ba. Kaburburan gefen nan sun shafe, ba mai leƙa su. Ni ma da nake gadinsu gari ya manta da ni, ba mai aiko mini ko kwanon gero." Da bai ɗaga shingen ba, da ba wanda ya shiga.

Na biyu Jatau, mai amalanken ƙasa. Da rana tsaka ya yi haƙarsa, mutane na wucewa suna yi masa sannu da aiki. Digarsa ta faɗa kan tukwane a jere, kuma duk wanda ya taɓa raka gawa ya san abin da ke ƙarƙashin tukwane a jere. Ya ga ruɓaɓɓen ƙyallen likkafani, ya ture da ƙafa, ya cika amalanke. Ya ce, "Inda aka nuna mini nan na haƙa. Da na ji ƙarar tukwane na tsaya na tambaya, Nomau ya ce tsohon juji ne. Ni wa zan ƙaryata, mai wuri?" Da ya ajiye digar, da Inna na nan inda aka bar ta.

Na uku Shekarau. Shi bai je maƙabarta ba, amalanke ya kawo masa ƙasa har ƙofar gida. Yana taka kwaɓi ba takalmi, tsingaro ya soke shi, ya ɗaga ya duba, ya gane zanen. Ya ce, "Hadari ya fara haɗuwa, 'ya'yana na kwana a zaure. Abin da na iya tsincewa na tsince, na binne a bayan gida da addu'a. Wanda ya riga ya haɗe da kwaɓi fa, yaya zan yi?" Bai faɗa wa alƙali cewa tun ranar jana'iza bai sake taka maƙabartar ba, ballantana ya ɗaga wa kabarin ƙasa. Da ya tsaya ranar da ya gane zanen, da an kwashe ƙasar an mayar an sake rufewa.

Alƙali ya ce doka ta tanadi ɗauri ga wanda ya tone kabari ko ya wulaƙanta gawa, kuma dukansu da hannunsu a ciki. Amma mafi tsawon ɗauri na mafi girman laifi ne, sai ya yi nazari. Ya ɗage shari'a.

Nan fa dattawan unguwa suka yi wa Tasalla caa. Ba wanda ya je wurin Nomau, ba wanda ya tsawata wa Jatau. Ita ce mai tonon asiri.

"Haba 'yar nan, ki janye, ki bar wa Allah. In aka ɗaure yayanki wa zai ciyar da yaran?"

"Baba, da kai ne aka yaɓa a bango, wa kake so ya janye?"

Sai aka ce ba ta da kunya.

Ta san gaskiya suka faɗa game da yaran, a kanta za su faɗo. Duk da haka ba ta janye ba. Bangon yana nan tsaye, an yi masa rufi, jikokin Inna na jingina da shi suna cin tuwo. Tsingaron kuwa yana ƙulle a bakin zanen Tasalla.

To, kada wani ya ce a yi haƙuri, an riga an faɗa mata wannan. Tsakanin wanda aka ba amanar matattu ya ɗaga shinge, da wanda ya ga likkafani ya ture da ƙafa, da ɗan da ya gane randar uwarsa ya ci gaba da gini, wane ne ya kamata ya fi daɗewa a kurkuku?